Ƙaramin Hoto, Hoton Zagaye ko CBCT: Wanne Ya Dace da Ciwon Haƙorinka?

Da daminar bara na raka yayata wani asibitin haƙori a Jos, bayan ta kwana uku ba ta runtsa ba saboda ciwon da ke sukar ta a muƙamuƙin ƙasa na hagu. Tun a hanya ta yanke shawarar cewa babban hoto za a yi mata, irin wanda na'ura ke zagaya kan mutum, domin wata ƙawarta ta taɓa nuna mata nata, haƙora a jere reras kamar ƙwayoyin masara a jikin totuwa. Da likita ya gama duba bakin ya rubuta ƙaramin hoto, sai ta ce, "Likita, ai gara a yi wanda zai nuna duka, kuɗin ba zai gagara ba." Shi kuwa ya ce, "Hajiya, babban zai nuna mini dukkan unguwar, ni kuma gida ɗaya nake son shiga." Wannan gardama ce da ake yi kullum a ɗakunan likitocin haƙori, kuma warware ta na bukatar a san yadda sassan baki ke bayyana a kowane irin hoto, saboda abin da wani ke fitarwa sarai, wani ɓoye shi yake yi ko ya jirkita shi.

Hoton eksire inuwa ce. Haske yana ratsa jiki ya faɗa kan faranti, abin da ya tare hasken ya fito fari, abin da ya bar shi ya wuce ya fito baƙi. Farin ɓawon da ya lulluɓe kan haƙori, wanda kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne, shi ne ya fi komai haske a cikin halittar baki. Ƙashin haƙorin da ke ƙarƙashinsa, mai kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adini, toka-toka yake fitowa, sannan ramin tsakiya, inda jijiya da hanyoyin jini suke, ya fito a matsayin baƙin zare da ya gangara har ƙarshen saiwa. Ƙarfe ya fi su duka tare haske, shi ya sa haƙorin Makka da cikon azurfa ke fitowa fari fat, ba a ganin komai a bayansu. Dasashi da harshe da leɓe kuwa inuwarsu ba ta taka kara ta karya ba, iska kuma baƙa ce ƙirin. Tun a watan Janairun 1896, 'yan makonni bayan masanin kimiyya Wilhelm Röntgen ya sanar da gano wannan haske, wani likitan haƙori a Jamus mai suna Otto Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoransa, inda ya jure minti 25 yana jira. Yau ƙasa da daƙiƙa ɗaya ake yi, amma matsalar da ya fuskanta tana nan: abu mai tsawo da faɗi da kauri ne ake matse shi a kan shafi, don haka duk abin da ke gaba da abin da ke baya sai su hau kan juna.

Ƙaramin hoto, wanda likitoci ke kira feriyafikal, faranti ne da bai fi kwalin ashana girma ba, ana sa shi cikin baki a bayan haƙori, ya ɗauki haƙora biyu zuwa huɗu tun daga kansu har ƙarshen saiwa da ɗan ƙashin da ke kewaye. Kusancin farantin da haƙori shi ne ƙarfinsa. A nan ne ake ganin abubuwa biyu da ganewar ciwon haƙori ta dogara a kansu: siririn baƙin layi da ya zagaye saiwa, wato gurbin zaruruwan da suka ɗaure haƙori da ƙashi, wanda faɗinsa bai kai rabin milimita ba, da kuma siririn farin layi a bayansa, wato bangon ramin da haƙori ke zaune a ciki. Idan jijiyar haƙori ta mutu, ƙwayoyin cuta suka fita ta ƙarshen saiwa, baƙin layin ne ke fara faɗaɗa, farin ya yanke, daga baya a ga baƙin tabo ya zauna a wurin. Babu wani hoto mai shafi ɗaya da ke nuna waɗannan layuka biyu kamar yadda ƙaramin ke yi.

Da hoton yayata ya fito a fuskar kwamfuta, idona ya faɗa kan wani baƙin tabo zagayayye, kamar ƙwayar wake, daidai ƙarshen saiwar haƙori na biyar idan aka ƙirga daga tsakiya. Na nuna shi da yatsa, ina ganin na gano ƙurjin kafin likita. Bai ce mini komai ba. Ya ɗauko auduga mai sanyi ya ɗora a kan haƙorin, yayata ta zabura, sanyin kuma ya wuce nan take, alamar jijiyar tana raye lafiya. Sannan ya sa aka sake ɗaukar hoto bayan an ɗan karkatar da bututun na'urar, sai ga tabon ya matsa gefe, ya rabu da saiwar, farin layin nan kuma yana zagaye da ita bai yanke ba. Tabon ƙofa ce ta halitta a jikin ƙashin muƙamuƙi, wadda jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa take fitowa ta cikinta, kowa yana da ita dama da hagu, kuma galibi a ƙarƙashin haƙori na huɗu da na biyar take. Ƙurji na gaske manne yake da saiwa, duk inda aka juya bututu yana tare da ita. Ciwon nata kuwa kogo ne a gefen haƙori na shida, wato turmi, inda ya jingina da na bakwai, wurin da ido ba ya kaiwa.

Irin wannan tarko yana da yawa, kuma muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa tara su. Tsakanin saiwoyin haƙoran gaba biyu na sama akwai baƙin layi a tsaye, wanda mahaɗar ƙasusuwan ganɗa ce, mai karatun gaggawa kuma yakan ɗauke shi tsagewa. Kusa da shi akwai wata ƙofa mai siffar ƙwai. Sama da su ramukan hanci biyu ne baƙaƙe, da farin ƙashin da ya raba su. Idan aka matsa baya zuwa turame, sai a tarar da babban baƙin fili ya rufa a kan saiwoyi, wato kogon iska na cikin ƙashin kunci, wanda siririn farin layi ke yi wa iyaka, kuma sau da yawa saiwoyin sukan bayyana kamar sun kutsa cikinsa alhali inuwa ce ta hau kan inuwa. A kan turmi na shida da na bakwai kuma ƙashin kumatu yakan jefa farar inuwa mai siffar harafin U, wadda kan rufe ƙarshen saiwa gaba ɗaya idan ba a saita bututu da kyau ba. A ƙasa, ƙarƙashin haƙoran gaba, akwai ɗan farin zobe mai baƙin ɗigo a tsakiya, inda tsokokin harshe ke kamawa. A ƙarƙashin turame kuma akwai wani wuri mai duhu inda ƙashi ya sirance domin ba wa ƙullin yawu masauki. Har a jikin haƙorin kansa, a wuyansa, tsakanin inda farin ɓawo ya ƙare da inda ƙashi ya fara, akwai wata baƙar inuwa da ke kama da kogo alhali siririn wuri ne kawai da haske ya ratsa cikin sauƙi. Ga yara kuma, haƙorin da bai daɗe da fitowa ba saiwarsa a buɗe take, sai bayan kimanin shekara uku take rufewa, don haka baƙin da ke ƙarshenta girma ne da bai kammala ba.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Mata baƙar fata masu matsakaicin shekaru sukan sami wasu baƙaƙen tabo a ƙarshen saiwoyin haƙoran gaba na ƙasa, waɗanda da shekaru sukan rikiɗe su yi fari, haƙoran kuma suna raye, babu ciwo, kuma ba sa bukatar komai sai sa ido. Wanda bai san da su ba yana iya kashe jijiyar haƙori mai lafiya a banza. Masu sikila kuma saƙar ƙashin muƙamuƙinsu takan fito da manyan ramuka saboda faɗaɗar ɓargo, don haka yana da kyau su faɗa wa likita tun kafin ya fara karanta hoton.

Ƙaramin hoto yana da ƙani, wato hoton cizo, wanda wani likitan haƙori mai suna Howard Raper ya fito da shi a Amurka a 1925. Mutum yakan ciji wani ɗan fiffike da ke jikin farantin, sai hoton ya ɗauki kawunan turamen sama da na ƙasa a lokaci guda, ya bar ƙarshen saiwoyi. Shi ne gwanin kama kogon da ke ɓuya tsakanin haƙora biyu, da nuna yadda ciwon dasashi ya fara cinye bakin ƙashi. Sai dai ko shi ba ya ganin kogo sai wurin ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'adininsa, saboda haka ramin da ke cikin baki galibi ya ɗan fi wanda ke cikin hoto girma.

Aibin ƙananan hotunan nan a bayyane yake. Tagarsu ƙarama ce, abin da ya wuce gefenta ba su san da shi ba. Farantin yana danne ƙasan harshe, yana tayar wa wasu da zuciya, kuma wanda kumburi ko karaya ta hana shi buɗe baki ba zai iya riƙe shi ba. Idan kuma ana son ganin baki duka da su, sai an ɗauki 14 ko fiye.

A nan ne hoton zagaye, wanda ake rubutawa OPG a takardar asibiti, ke shigowa. Wani masani ɗan ƙasar Finlan, Yrjö Paatero, shi ne ya raya dabarar tun daga ƙarshen shekarun 1940. Mutum yana tsaye, ya ciji ɗan sanda da haƙoran gaba, bututu da faranti su zagaya kansa cikin daƙiƙa goma sha wani abu, a sami shafi guda mai ɗauke da muƙamuƙi biyu daga kunne zuwa kunne. A kansa ana ganin abubuwan da ƙaramin hoto ba ya kaiwa: mahaɗar muƙamuƙi a gaban kowane kunne, kogunan iska biyu gaba ɗayansu, farin gefen ƙasa na muƙamuƙi, haƙoran da ke kwance cikin ƙashi ba su fito ba, da kuma hanyar babbar jijiya, wadda ke bayyana a matsayin baƙin ɗamara tsakanin fararen layuka biyu, tana gangarowa daga bayan turame har zuwa ƙofar nan da ta ruɗe ni. A hoton zagaye ƙofar ba ta cika ruɗa mutum ba, domin ana ganin ta dama da hagu a wuri ɗaya, kuma ana iya bin hanyar jijiyar har a isa gare ta.

Faɗin nan yana da farashi. Na'urar tana fitar da abin da ya faɗa cikin wani siririn yanki mai siffar kofaton doki ne kawai, duk abin da ke gabansa ko bayansa sai ya dushe. Idan mutum ya matsa gaba da yawa, haƙoran gabansa sukan sirance. Idan ya ja baya, su yi faɗi su bazu. Idan ya sunkuyar da haɓa fiye da kima, jerin haƙoran ya lanƙwashe kamar mai murmushin dole. Ko an tsaya daidai, hoton yana ƙara girman abu da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma ƙarin ba daidai yake a ko'ina ba, don haka awo a kansa sai da hattara. Ƙashin wuya yana jefa farin hazo a kan haƙoran gaba, musamman idan mutum ya ranƙwafa. Wanda ya manta bai manna harshensa a ganɗa ba, iskar da ke tsakani takan shimfiɗa baƙin gyale a kan saiwoyin sama, ta rufe daidai wurin da ake son gani. Ƙananan turame na huɗu da na biyar kuma kusan kullum hawa kan juna suke yi, ta yadda kogon da ke tsakaninsu ba ya fitowa. Da irin wannan hoto aka yi wa yayata, da wuya a ga ramin nata da kyau.

Sai kuma fatalwa, kuma haka masu aikin ke kiran ta. Saboda haske yana ratsa kai daga wancan gefe kafin ya isa wannan, abu mai kauri yakan fito sau biyu: sau ɗaya a wurinsa, sau ɗaya a ɗaya ɓangaren, ya fi girma, ya ɗan hau sama, ya kuma dushe. Barimar da aka bari a kunnen dama takan zama farin gajimare a kan kogon iskar hagu. Shi ya sa ake cewa a cire ɗan kunne da sarƙa da tabarau da haƙoran roba, kuma mata su tuna da allurar da ke riƙe da hijabi ko ɗankwali da ƙarfen da ke cikin kitso, domin waɗannan ne aka fi mantawa har a sake ɗaukar hoto.

Duk da haka akwai wuraren da ban ga dalilin tsayawa kan ƙaramin hoto ba. Wanda ya yi hatsarin babur ya bugu a haɓa yana bukatar hoton zagaye, saboda muƙamuƙin ƙasa kamar zobe yake, sau da yawa idan ya karye a wuri ɗaya akwai karaya ta biyu a wani wurin, wani lokaci can kusa da kunne. Wanda muƙamuƙinsa ke kumbura a hankali wata da watanni ba tare da ciwo ba shi ma haka, domin ƙarin da ake kira amelobilastoma, wanda ya fi sauran ƙarin da ke tasowa daga tushen haƙori yawa a asibitocin Najeriya, yakan zauna a bayan muƙamuƙin ƙasa ya fito kamar kumfar sabulu, ƙaramin faranti kuwa gefensa kawai zai kama. Yaron da haƙoransa na dindindin suka ƙi fitowa a kan lokaci, ko wanda za a sa wa waya domin daidaita haƙora, hoto ɗaya zai nuna waɗanda ke tafe da waɗanda babu su. Haƙorin hankali, na takwas, da ya kwanta a karkace yana bukatar a ga dangantakar saiwarsa da hanyar jijiya kafin a taɓa shi, domin rauni ga jijiyar nan yana kashe leɓe da haɓa, wani lokaci na watanni, wani lokaci har abada.

A kan wannan haƙori ne ma aka fi kaiwa ga CBCT, wato hoton eksire mai nuna tsawo da faɗi da kaurin muƙamuƙi gaba ɗaya. Idan a hoton zagaye aka ga saiwa ta yi duhu inda ta haɗu da hanyar jijiya, ko fararen layukan hanyar sun yanke, ko hanyar ta kauce daga tafarkinta, alamu ne na cewa suna iya taɓa juna, amma shafi ɗaya ba zai faɗi ko jijiyar tana ta gefen harshe, ko ta gefen kunci, ko tsakanin saiwoyi take bi ba. CBCT, wanda ya shiga aikin haƙori a ƙarshen shekarun 1990, yana tattara ɗaruruwan hotuna a zagaye ɗaya, kwamfuta ta gina muƙamuƙin, likita ya yanka shi ta kowace fuska. Inuwa ba ta hawa kan inuwa, ƙofa tana fitowa a matsayin ƙofa, ana ganin ko saiwa ta shiga kogon iska da gaske, kuma awonsa daidai yake da na jiki, abin da ya sa masu dashen haƙori ke dogara da shi wajen sanin kauri da tsawon ƙashi. Rauninsa shi ne ƙarfe: haƙorin Makka ko babban ciko yakan watsa farare da baƙaƙen zane a kewayensa, har a ga kogo inda babu. Ba ya rarrabe tsoka da sauran nama mai laushi da kyau, motsi kaɗan yana ɓata shi, kuɗinsa ya ninka na sauran sau da yawa, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba ko a Abuja. Neman kogon haƙori da shi ɓarnar kuɗi ce da ta haske.

Batun yawan hasken eksire da ke shiga jiki yana da lissafi. Ana auna abin da jiki ya sha da maikurosibat: ƙaramin hoto ɗaya bai cika kaiwa 10 ba, hoton zagaye yana tsakanin 3 da 25 gwargwadon na'ura, CBCT kuwa daga gomomi zuwa ɗaruruwa, wanda ya ɗauki fuska duka yana iya kaiwa 1000. A matsakaicin lissafin duniya, mutum yana shan kimanin 2400 a shekara daga ƙasa da iska da abinci, wato shida da ɗoriya a kowace rana, kuma mu mazauna Jos mun san cewa turɓayar da haƙar kuza ta bari tana da nata ƙarin. Ƙaramin hoto ke nan bai wuce rabon yini guda ko biyu ba, amma wannan ba hujja ba ce ta ɗaukar wanda ba a bukata, musamman ga yara, waɗanda jikinsu ya fi jin tasirin hasken. Mai juna biyu ta faɗa kafin a fara. Na'urorin kuma suna ƙarƙashin sa idon Hukumar Kula da Nukiliya ta Najeriya, NNRA, mai hedikwata a Abuja, wadda ke ba da lasisin amfani da su, kuma majiyyaci yana da damar tambaya ko wurin yana da shi.

A ganina, tambayar da ta fi amfani a gaban likita ita ce, "Me kake son gani a hoton?" Idan amsar haƙori ɗaya ne mai ciwo, ko saiwar da za a yi wa aikin jijiya, ƙaramin hoto ne, kuma idan aka ce a ƙara na biyu daga wata kusurwa, kada a ɗauka neman kuɗi ne, domin shi ne ya hana a huda wa yayata lafiyayyen haƙori. Idan amsar kogo ne tsakanin turame, hoton cizo ne. Idan ƙashin muƙamuƙi ne, ko haƙorin da ya maƙale, ko bakin da ya ƙi buɗuwa, a fara da na zagaye, tare da sanin cewa likita na iya bin sa da ƙarami a wurin da ya dushe. CBCT kuma a bar shi sai waɗannan sun bar tambayar da amsarta za ta canza yadda za a yi aikin.

Kowanne aka ɗauka, a nemi a karɓi ainihin hoton, a faifai ko a tura ta imel, a adana shi da kwanan wata. Wanda aka ɗauka da waya daga fuskar kwamfuta yana zubar da toka-tokan da ake karanta siraran layukan nan da su, kuma likitan da za a je wurinsa bayan shekara biyu, a Jos ne ko a Abuja, zai so ya ɗora sabon hoto kusa da tsohon ya ga ko baƙin tabon ya girma ko yana nan yadda yake.